“Ka rage tunani, Baba”

A zaman makoki a Kakuri ta Kaduna, in dai mamacin tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ba a jimawa wani zai sunkuyo ya faɗi abin da kowa ya riga ya sani: tunani ne ya kashe shi. Takardar asibiti ta iya cewa hawan jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon suga. Masu zaman makoki ba sa ja da likita, amma su ma suna da abin da suka gani da idonsu. Sun ga mutumin da a da ba ya wuce majalisa sai ya tsokani kowa, ya dawo in an yi masa sallama sai an maimaita. Sun gan shi riƙe da kofin shayi har ya huce bai kai baki ba. Masu zama a tabarma da carbi a hannu, da masu zama a kujerun roba ƙarƙashin rumfa suna jiran fasto, duk da Hausa ɗaya suke faɗar wannan magana, kuma ba mai neman ƙarin bayani.

Yaron da aka haifa bayan 2002 da wuya ya gane abin da ake tunawa. Shi dai ya buɗe ido ya ga dogayen katangu, da ƙofofin ƙarfe da tsatsa ta ci, da ciyawa ta yi toho a harabar da aka ce da can ba masaka tsinke. To, a nan gwamnatin Sardauna ta kafa masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ke kira KTL, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, ta fara aiki a 1957. A tsakiyar shekarun 1960 UNTL ta zo da jarin 'yan Hongkong, Arewa Textiles ta zo da na Japanawa, ga kuma su Nortex da Finetex. Ga masana'antar makamai ta DICON, ga Peugeot da ta fara haɗa motoci a 1975. Mutane suka kwararo daga ko'ina, Zage-zagi da Katsinawa, Bajju da Atyap, Tibi da Idoma da Igala. Adams Oshiomhole ma a Arewa Textiles ya fara neman abinci, kafin ya zama shugaban ƙwadago na ƙasa. Injin ba ya barci, aiki kashi uku ne, na safe da na rana da na dare. Sa'ad da masu tashi ke fitowa masu kamawa na shiga, kekuna ne ke mamaye titi. Mai tuwo da mai faci da mai gidan haya, kowa ya san ƙarfe nawa cinikinsa zai zo, ya kuma san ranar da za a biya shi bashi.

Yadda abin ya rushe ba ɓoyayye ba ne. Wuta ta ƙi samuwa, baƙin man da masaƙu ke ƙonawa ya yi tsada, injuna suka tsufa, atamfar ƙasar Sin ta riƙa shigowa ta iyakar Nijar a farashin da ta gida ba za ta iya karawa da shi ba. KTL ta rufe a ƙarshen 2002, Arewa ta bi bayanta, UNTL ta tsaya a 2007. An sake buɗe ta a 2010, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba. Dubban mutane aka tura gida, da yawansu ba tare da haƙƙinsu na sallama ba.

In ana lissafin wannan asara albashi ake ambata, kuma da gaskiya, yunwa ba ta da wasa. Sai dai akwai abin da masaƙa ke ba mutum wanda ba ya fitowa a takardar albashi. Ita ke faɗa masa ƙarfe nawa zai tashi. Ita ke haɗa shi da mutanen da zai yi wa ina kwana, ko yana so ko ba ya so. Ita ke gajiyar da shi yadda in ya kwanta sai an tashe shi. Ranar da aka ɗauke wannan, sai ga awa 24 zube a gaban magidanci, ba mai jiran sa a ko'ina. Mugun tunani kuwa ba abin da yake so irin ya sami mutum a haka.

An taɓa auna wannan da agogo a hannu, a wata ƙasa mai nisa. Marienthal ƙauye ne a Ostiriya, kusa da Biyana, inda kusan kowa masaƙa ɗaya yake wa aiki. A 1930 masaƙar ta rufe. Wasu matasan masana, cikinsu da Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld, suka bi diddigin rayuwar mutanen ƙauyen, suka fitar da littafi a 1933. Cikin abin da suka yi har da laɓewa suna auna saurin tafiyar mutane a babban titi. Suka ga maza suna jan ƙafa, su tsaya nan su tsaya can ba dalili, mata kuwa suna wucewa da hanzarinsu, domin har yanzu akwai girki da wanki da yara na jiran su. Laburaren ƙauyen ya daina karɓar kuɗin aro, ga lokaci har ya yi wa mutane yawa, amma aron littattafai sai ya ragu da kusan rabi. Da aka ce maza su rubuta yadda suka yi da yininsu, wasu suka rasa abin da za su sa tsakanin tashi daga barci da abincin rana. Wanda ya zauna a Kakuri ko Makera ko Nasarawa a shekarun da suka biyo bayan rufe masaƙu, ba sai an yi masa sharhin wannan ba.

A nan ɗin ma mata ne suka fara miƙewa. Ba wai abin bai dame su ba, ai a kansu nauyin ya faɗa. Tukunya ce ba ta jiran mai baƙin ciki. Wadda ta koma suyar ƙosai dole ta jiƙa wake tun dare, ta kai niƙa da asuba. Wadda ke kasa tumatir a kasuwar Monday dole ta riga rana fita. Ga adashi, ranar zubi ba ta ɗagawa don ran wata ya ɓaci. Ga Zumuntar Mata a coci, ga Islamiyyar matan aure da yamma. Kowanne da ranarsa da lokacinsa, in kuma ba a gan ki ba za a biyo sawu a ji ko lafiya. Namiji fa? Shi tun yana yaro aka koya masa cewa mutuncinsa na cikin ledar da zai shigo da ita gida da yamma. Da ledar ta daina shigowa, sai ya fara gudun haɗa ido da matarsa, sannan da maƙwabta, a ƙarshe ya shige ɗaki ya saki labule.

Cikin mazan da suka tsira da lafiyarsu, abu ɗaya nake yawan gani: sun ƙirƙiro wa kansu wurin zuwa. Akwai wani dattijo, tsohon mai kula da injin kaɗi, da ke zama a wani shagon tela. Ba shagonsa ba ne, ba kuma biyan sa ake ba, in ban da na shayi. Ƙarfe 7 yana nan, riga a goge, takalmi a share. Shi ke buɗe ƙofa, ya yayyafa ruwa ya share gaban shagon, sannan ya ɗauko ɗan gwangwanin mai ya bi kekunan ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ɗigo guda a kowane gurbi, ya juya da hannu yana kasa kunne. In yaran shagon suka ce, “Baba, ai jiya ka sa masa,” sai ya ce injin da ake so ya daɗe kullum ake gaishe shi. A aljihun gaban rigarsa akwai katin shaidarsa na masaƙa, robar ta yi ja, hoton wani saurayi ne mai cikar suma. Ba ya nuna wa kowa sai an tambaya. Ƙarfe 2 yake tashi, lokacin tashinsa na da, ko akwai sauran hira ko babu. Za a ce ai wannan riƙe abin da ya wuce ne. Ni dabara na ɗauke ta, kuma ta fi ta masu digiri da yawa. Tsohon ya gane cewa in bai yanka wa yini iyaka ba, yinin ne zai haɗiye shi.

Wasu sun gangara bakin kogi, da gefen lambatun da ruwan rini ke bi a da, sun kama noman rani, alayyafo da latas da kabeji. Wasu gadi, wasu Keke Napep. Ba ƙaramin saukowa ba ne ga wanda yara 30 suka taɓa yi wa “Oga”, amma da zaman banza gara aikin kishiya, kuma alayyafon da ba a ba ruwa da safe ba kafin azahar zai tona asiri. Wani kuma abin da ya riƙe shi bai wuce sallar jam'i ba: sau biyar a rana dole ya sa riga ya fito, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutane, wani ya ce masa ya jikin. Wani gwajin waƙa ne na mawaƙan coci, Talata da Alhamis. Masu dara a gindin mangwaro ma, da ake wa kallon marasa aikin yi, ban cika ganin laifinsu ba. Mai lissafin yadda zai ci ɗan abokinsa ba ya lissafin kabarinsa a wannan lokacin.

Abin da ba ya aiki kuwa shi ne wanda muka fi yi. “Ka rage tunani, Baba.” “Ki cire abin nan a ranki.” Da zuciya ɗaya ake faɗa, amma sai ka ce tunani rediyo ne da za a murɗa a rage masa murya. Wanda ake faɗa wa ya fi kowa son ya rage, da yana iyawa da tuni ya yi. Sai ma a ƙara masa wani kaya: ga damuwar, ga kuma jin cewa ya gaza wajen tawakkali. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya gwada abin a 1987. Ya zaunar da ɗalibai ya ce na minti 5 kada su kuskura su tuna da farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, duk sanda ta faɗo musu a rai su buga ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka sake su kuma aka ce to yanzu su tuna, sai suka fi waɗanda ba a fara hanawa ba yawan tunawa. Dalilin ba nisa gare shi ba. Kafin ka tabbatar ba ka tuna abu, sai ka leƙa ka ga ko kana tuna shi, leƙen nan kuwa shi ne tunawar.

Akwai kuma abin da ya sa wannan nasiha ke ƙona ran mutumin Kakuri musamman. Rabin abin da yake tunani gaskiya ne. An cuce shi. Ya yi shekara 20 ko 25 yana shaƙar ƙurar auduga, kunnensa ya yi nauyi saboda ƙarar injin, aka rufe ƙofa aka ce ya je za a neme shi. Wannan ba waswasi ba ne, duk wanda ya ce masa ya manta ya raina masa hankali. Inda gizo ke saƙar shi ne, gaskiyar ba ta zuwa ita kaɗai. Tana shigowa, wasu na bin bayanta a sace: tunda an cuce ni, to tawa ta ƙare, 'ya'yana sun raina ni, kowa a layin nan dariya yake min, da na mutu ma da sun huta. Da murya ɗaya suke magana, a dare ɗaya suke zuwa, shi ya sa mai su yake ɗauka duk nauyinsu ɗaya. Alhali ta farko tana da shaida, akwai takarda, akwai shekaru, akwai lissafi. Na bayan ba abin da suke da shi sai naci.

Duk aikin yana wajen raba su, kuma da wuya mutum ya iya shi kaɗai. A teburin mai shayi na ga yadda ake yi, masu yin ma ba su san wata fasaha suke ba. Wani magidanci ya zo ya zauna a ƙarshen benci, ya ce a ba shi ruwan bunu. Aka yi ta hirar ƙwallo bai sa baki ba. Can sai ya ce, kamar mai magana da kansa, ɗansa na Abuja ya yi sati uku bai kira ba, kuma ya san dalili: yaro ya ga uban ba shi da abin ba shi. Da a wani wurin ne da an ce ya yi haƙuri, 'ya'yan zamani sai addu'a, wato a sa masa hannu a kan abin da yake tsoro. Sai wani tsohon abokin aikinsa da ke tsoma burodi a kofi ya ce, ko ɗagowa bai yi ba:

“Mutumina, shi ya faɗa maka haka?”

Ya ce a'a, amma ai abin a fili yake.

“Kai ka kira shi?”

Shiru.

“Watan jiya wa ya biya kuɗin maganinka?”

Ya ce shi ne.

“To ga waya, akwai kati a ciki.”

Bai karɓa ba, ya ce sai an jima. Amma ya gyara zama, ya matso tsakiyar benci, ba a jima ba aka ji muryarsa cikin masu musun ko bugun fenariti ne ko ba shi ba ne.

Tambaya uku ce, ba wa'azi ba lallashi. Likitoci sun daɗe da sanin amfaninta. Tun a shekarun 1960 Aaron Beck, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu, su kuwa su karɓa ba bincike, sai ya fara koya musu su tsayar da kowanne su nemi shaidarsa. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda da ya ga likitocin ƙwaƙwalwa ba za su taɓa wadatar da jama'a ba, tsofaffin mata ya horar, ya zaunar da su a kan benci a harabar ƙananan asibitoci. Mai damuwa ya zo ya zayyana abin da ke cin sa, su zaɓi matsala guda tak da za a iya taɓawa, su tsara yadda za a ɓullo mata. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi sauran samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu benci muna da shi a kowane lungu. Mai tambayar “shi ya faɗa maka?” ne ya yi ƙaranci. Yawancinmu ko mu taya mutum kuka, ko mu toshe masa baki da haƙuri.

Wannan tambaya ma ba mutum ɗaya take ceta ba a garin nan. KTL ta rufe ne makonni kaɗan bayan rikicin Kaduna na Nuwambar 2002, alhali raunin na 2000 bai warke ba. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya lokacin hutun aiki, wannan ya kwashe iyali ya haura arewacin kogi, wancan ya ƙara nausawa kudu. Abokin da zai gyara maka tunani ya yi nisa, tsoro ya zauna a gurbinsa. Har yanzu taya ta fashe a titin Kaciya sai ka ga an fara jan ƙofofin shaguna, wayoyi na ta ruri: kana ina, ka dawo gida, an ce an fara. A irin wannan rana mutumin da ya fi kowa amfani a layi shi ne mai cewa, “Wa ya ce? Kai ka gani?” sannan ya kira wani da ya sani a can ɗin ya ji daga bakinsa.

Benci dai na rana ne, shi kuwa wannan abu da dare yake cin kasuwarsa. Ƙarfe 2, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sauro na kuka, kowa a ɗakin yana numfashin barci sai kai. A wannan lokaci bashin naira dubu 20 kan koma na miliyan, maganar da suruki ya yaɓa maka shekara 6 da suka wuce ta dawo sabuwa fil. Ka yi ta saƙa da warwara, ka shirya amsar da ya kamata ka ba shi a ranar, ka rushe ka sake shiryawa. Da gari ya waye aka sha koko, matsalar tana nan, amma ta koma girmanta na asali. Wanda ya lura da haka sau biyu sau uku ya kamata ya kafa wa kansa doka, cewa ba ya yanke hukunci a kan komai tsakanin lisha da asuba. Wata mai sayar da abinci ta gaya min tana ajiye littafin da take rubuta bashi a gefen katifa. In abu ya hana ta barci sai ta kunna tocilar waya ta rubuta shi a shafin baya, layi ɗaya, ta ce masa sai da safe. Da safen in ta duba, wasu dariya suke ba ta, wasu kuwa na gaske ne, sai ta san da wanda za ta fara. Wasu alwala suke yi su ta da nafila, wasu su buɗe Zabura. Duk sun tashi daga kwancen, sun ba hannu da baki abin yi. Ba su tsaya kokawa da tunanin ba, ba su kuma bi shi inda yake jan su ba.

Matasa nasu daren daban ne, domin su da waya a hannu suke kwana. Ba su rasa aikin masaƙa ba, tunda ba su taɓa samu ba. Wanda ya gama Kaduna Polytechnic ko KASU, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ɗakin da ya bari, in ya buɗe Facebook ko TikTok ƙarfe 1 na dare abin da zai gani shi ne abokin karatunsa jingine da mota, wance ta yi aure a babban zauren biki, wane ya sauka a Kanada. Ba mai ɗora hoton ranar da mai gidan haya ya buga masa ƙofa. Sai yaro ya yanke cewa kowa ya wuce, shi kaɗai aka bari. Daga nan ƙofa biyu ce ke kusa, shagon cacar ƙwallo da mai ƙwaya na bayan layi. Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, tiramol da 'yan uwansa suka ci gaba da yawo. Mai sha zai ce maka don ya daina tunani yake sha, kuma ba ƙarya ya yi ba. Yana dainawa na 'yan awoyi, ya farka ya tarar da tunanin na nan, da bashin mai ƙwaya a kai.

Ta fuskar addini, ina ganin mun fi malaman farko tsoratar da mutane. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ke nuna ba a kama mutum da abin da zuciyarsa ta raya masa, matuƙar bai furta ko ya aikata ba. Wannan babban sauƙi ne ga wanda mugun tunani ke faɗo wa a tsakiyar salla har ya fara tuhumar imaninsa. Faɗowar tunani ba zunubi ba ce, ba kuma ita ke nuna halin mutum ba. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdani wal Anfus, ya ware babi guda a kan waswasi. Ya shawarci mai fama da shi da ya guji kaɗaici da zaman banza, ya kuma nemi amintaccen da zai riƙa warware masa abin da zuciyarsa ke ƙulla masa. Ya ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo; mu ma ai mun san ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda aka san sanadinsa, kamar rashi ko asarar dukiya. Akwai kuma wanda ke saukar wa mutum haka kawai ya danne shi, wannan ya ce daga jiki yake, magani yake so. Malami ne musulmi a zamanin Abbasiyawa, bai ɗora wa aljanu ba, bai kuma kira shi raunin imani ba.

Daga Kakuri zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa tafiyar 'yan mintuna ce a Keke Napep, amma a zukatan mutane ya fi Legas nisa. Iyali sun gwammace su zaga ko'ina, gidan mai magani, gidan addu'a, a sha wannan a turara wancan, a sayar da akuya, sai abin ya ci ƙarfi sannan a tafi asibiti da duku-duku kada maƙwabta su gani. A 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutane sama da 300, wasu da mari a ƙafa, da yawansu kuwa iyayensu ne suka kai su da hannunsu da sunan gyaran hali. Rashin sanin inda za a dosa da gudun abin faɗa su ne suka kai iyayen can. Doka ma ta taimaka wajen ɓoyon: dokar laifuka da muka gada ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda Turawa suka bar mana.

Alamomin da ke cewa abin ya wuce na benci ba su da wuyar ganewa. Mutum ya yi sati biyu ko fiye barci ya ƙaurace masa, ko barcin ya yi yawa, abinci ya fita ransa, abin da yake so a da ko kallo bai ishe shi ba, wanka ma ya zame masa aiki. In kuma ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana rabar da kayansa yana neman gafara ba gaira ba dalili, to ba a barin sa shi kaɗai, ba a kuma jiran gobe. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa wa mutum abin da babu, sau da yawa ma ita ke buɗe masa baki, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba lallai daga Barnawa za a fara ba, likita a asibitin Gwamna Awan ko St. Gerard, duk a nan Kakuri, zai iya dubawa ya tura inda ya dace. Ciwon damuwa yana jin magani, kuma sau da yawa tare suke tafiya da hawan jinin da ake ta rubutawa a takarda.

Saura rabin nan na gaskiya, wanda ba ya jin hirar benci, ba ya jin ƙwayar likita. Ma'aikatan masaƙun da aka rufe sun kafa ƙungiya, sun yi zanga-zanga, sun je kotu, sun rubuta wa gwamnoni wasiƙu. Duk sanda suka kira 'yan jarida, adadin waɗanda suka mutu suna jira ya ƙaru, matan mamata da marayu ne ke cika sahun gaba. Fafutukar ma ta riƙe wasu, domin taro yana da rana da lokaci, kuma wanda ya zauna cikin masu bin haƙƙi ya san ba shi kaɗai aka yi wa ba. Amma ba don su sami wurin zuwa suke taruwa ba, guminsu suke bi. KTL mallakar jihohin Arewa 19 ce, kuma an haura shekara 20 da rufe ta. Gwamnonin da ke zuwa taro a gidan Sir Kashim Ibrahim, tsallaken kogi kawai daga Kakuri, su biya mutanen nan haƙƙinsu tun da sauran waɗanda za su karɓa da hannunsu.